Gwamma da Burtun da Ba Ya Kuka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ƙashi!

Ta zo mu ji ta, Baba!

To, da kunne ake ji, ba da baki ba. Wanda ya katse ni, in tashi in bar muku wutar ku yi hira da ita. Kai Cindo, janye ƙafarka daga toka, ba ni da man ƙuna.

An yi wata tsohuwa, sunanta Gwamma, a wani ƙauye da ke bakin wani babban tafki. Bukkarta ce ta ƙarshe, daga ita sai ruwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya'ya kuwa ta haifa da dama, ƙasa ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya, ta bar mata guda, sunansa Shekarau. Shi ma da ya tasa ya ga ayarin gishiri na wucewa, sai ƙafa ta fara yi masa ƙaiƙayi. Ya ce, "Inna, zan bi su arewa, in dawo kafin a yi shuka."

Ta ce, "Da wannan ɗingishin naka za ka bi raƙumi?" Don tun yana yaro ya faɗo daga kan kuka, ƙafar hagu ba ta sake miƙewa daidai ba.

Ya yi dariya, ya tafi.

Aka yi shuka, aka yi girbi. Ayari ya dawo, babu Shekarau. Suka ce ciwo ya kama shi a wani gari mai dabino can bayan rairayi, suka bar shi a hannun mutanen wurin. Daga nan shiru. Shekara ta bi shekara, shiru.

To, Gwamma ba ta da gona, ba ta da akuya, amma tana da abu ɗaya: ta san tsuntsu. Ta san 'yan gida, su zalɓe da balbela da dinya da gauraka, waɗanda ba sa zuwa ko'ina. Ta san in shamuwa ta tattara ta tafi, damina ta naɗe tabarmarta. Amma abin da take jira duk shekara su ne baƙin arewa. In an gama kaka, an ɗaure dammuna an cika rumbu, ruwan alwalar asuba ya fara cizon hannu, sai ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunne ta je bakin tafki ta zauna, ta ɗaga kai.

Da tsari suke zuwa, ba kamar ku ba in an sauke tuwo. Da fari 'yan tsattsewa, suna shafar ruwa da ƙirji. Bayansu sai waɗansu 'yan ƙanana masu rawayan ciki, masu bin ƙafar shanu suna kaɗa wutsiya. Can daga baya, in sanyi ya kankama, sai agwagin arewa, ƙanana, masu shuɗi-shuɗi a fiffike, su rufe sama. A gabansu akwai wata tsohuwar agwagwa da ta san hanya, ana ce mata Uwar Tafiya.

In an gama girbi Gwamma takan bi gonakin mutane tana kala, tana tsintar zangarniyar da masu girbi suka bari. Abin da ta samu sai ta raba biyu, rabi nata, rabi ta sussuke ta watsa a bakin ruwa saboda baƙi. Mutane su ce, "Gwamma, kina ciyar da masu fiffike ke kina kwana da yunwa!"

Ta ce, "Su in sun ci suna godiya. Kai da kake cin tuwon uwarka tun kana tsumma, ka taɓa ce mata sannu da hayaƙi?"

Bakin Gwamma ba a ja da shi.

Akwai alkawari tsakaninta da agwagin. Sun sha tafiya, sun gaji, idonsu ya yi nauyi, ba sa iya rarrabe abin da ke ɓoye cikin ciyawa. Saboda haka kafin su iso, Gwamma takan zaga bakin tafki ta leƙa ko'ina. In sun iso sai su yi ta kewaya sama, Uwar Tafiya ta yi kira:

"Gwamma, Gwamma ta bakin ruwa,
Kin zaga? Kin duba?
Ƙasa lafiya, mu sauka?"

Ita kuma ta amsa:

"Na zaga, na duba,
Ƙasa lafiya, ku sauka."

Wata shekara ta tarar da maharbi kwance cikin gamba, ta ɗaga murya ta ce, "Ba lafiya, ku wuce!" Suka wuce, sai da ya gaji ya tafi suka dawo. Tun daga ranar maharba suka tsane ta, agwagi kuwa maganarta ta zame musu ƙasar da suke takawa.

Me take samu? Labari. Hanyar agwagin ta bi ta kan garin nan mai dabino. Duk shekara in sun ci sun huta, Uwar Tafiya ta zo ta tsaya gaban tsohuwa ta ce, "Na gan shi. Yana jan ruwa a rijiya yana ba dabino. Ɗingishin yana nan." Wata shekarar ta ce, "Ya yi gemu." Wata shekarar ta ce, "Na ga wani ɗan yaro yana bin sa, tafiyarsu iri ɗaya, sai dai yaron ƙafarsa lafiya." Gwamma ta yi kuka, ta yi dariya, ta ɗauki wannan 'yar maganar ta yi ta lasa har shekara ta zagayo.

Daga sama kawai agwagwa take hango shi, don ba ta sauka kusa da ɗan Adam in ba Gwamma ba. Amma a shekarar da ta gabaci wadda nake ba ku labari, da baƙi za su koma, Gwamma ta durƙusa mata. Ta ce, "Uwar Tafiya, na tsufa. Ki yi mini abu ɗaya. Ki sauka ki yi masa magana. Ki kira shi Sha-kunu, babu mai kiransa haka sai ni, zai san daga wurina kike. Ki tambaye shi, zai dawo ya rufe ni da hannunsa, ko in daina duban hanya?"

Uwar Tafiya ta ce, "Abin da ban taɓa yi ba kike so in yi. Amma don ke zan yi. Ki jira ni baɗi."

To, a daminar nan sai yanar ido ta sauko wa Gwamma. Da fari kamar hayaƙi, daga baya kamar an zuba mata nono. Kafin kaka ba ta ganin komai sai inuwa. In abu ya gitta ta san ya gitta, amma mutum ne, jaki ne, Allah masani. Ba ta gaya wa kowa ba. Da laluben ƙafa ta yi kalan bana. In ta kwanta sai ta yi ta juyi tana cewa, "In agwagi suka ji ba na gani, me za su yi da ni? Makauniya za ta duba musu ƙasa? Za su wuce wani tafkin, su tafi mini da saƙon ɗana a baki."

A ƙauyen akwai wani maharbi, Tunau. Ba jarumi ba ne, bai taɓa tunkarar ko gada mai ƙaho ba, amma harshensa in ya shafa maka za ka ɗauka man shanu ne. Wata rana yana zaune a inuwa sai ya ga Gwamma ta tsaya gaban kututturen giginya ta ce, "Sannu da hutawa, malam." Ta jira amsa, ba ta ji ba, ta yi tsaki ta ce, "Girman kai kamar wanda ya gaji sarauta," ta wuce.

Tunau ya rufe baki da hannu don kada dariya ta fito. Ya ce a ransa, "Ashe mai gadi ta makance."

Kun san burtu, wannan baƙin tsuntsu babba mai dogon baki, mai yawo a ƙasa yana tsintar fara. Namun daji da tsuntsaye ba sa gudunsa. Shi ya sa maharba sukan sassaƙa kansa da itace, su rufe da fata, su ɗaura a goshi, su yafa baƙin zane, su sunkuya suna tafiya suna caccakar ƙasa, har su kai kusa da abin da suke so. Tunau yana da irin wannan kan, gadon ubansa.

Ranar da Gwamma ta fara zaman bakin tafki, tana ɗaga kai sama ba ta ganin komai sai fari, sai ga wata baƙar inuwa mai dogon wuya tana tahowa, tana sunkuyawa tana ɗagowa.

"Salamu alaikum, Iya Gwamma."

"Wa alaikumus salam. Wane ne?"

"Burtu ne, Iya. Wucewa nake yi na ce bari in gaida uwar tsuntsaye. Kai, bana 'yan tsattsewa sun zo da wuri. Kin gan su?"

Ta ce, "Na gan su mana. Kai za ka nuna mini tsattsewa?"

Ya sassauta murya ya ce, "Iya, gabas kike kallo. Suna yamma."

Bakin nan na Gwamma da ba a ja da shi ya mutu murus. Can hawaye ya zubo. Ta ce, "Don girman Allah, Burtu, kada ka gaya wa kowa. Bana kawai. In karɓi saƙon ɗana, daga nan duk abin da zai faru ya faru."

Ya ce, "Haba Iya, ni da ke? Ai ido aro ake yi. Ni in zaga, ni in duba, ke ki amsa. Wa zai sani?"

Ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Amma tsohuwa ce da ta san tsuntsu. Ta ce, "To, Burtu, ni dai na san in gari zai waye burtu yakan yi kuka, gum, gum, gum, har ƙasa ta amsa. Yau da asuba ban ji ba."

Ya ce, "Sanyi ne ya kama mini maƙogwaro, Iya. Ba ki ji muryata ta zama kamar ta mutum ba?"

Ta ce, "Allah ya sawwaƙe."

Ya ce, "Amin."

Bayan 'yan kwanaki ya dawo. Ya zauna kusa da ita yana ba ta labarin sama. "Ga masu rawayan ciki nan sun iso, Iya, suna bin shanun Fulani. Ga wani can ya hau kan kashin saniya yana kaɗa wutsiya kamar shi ya yi." Gwamma ta yi dariya har da tafa hannu, don haka suke yi, ta sani. Ya gaya mata zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, ya gaya mata gauraki biyu na rawa a tsallake. Abin da ido ya hana ta, bakinsa ya mayar mata. Ku kuna ganin abu ne mai sauƙi a ƙi irin wannan? Ku tsufa tukuna.

Daga nan sai ta ji yana ta motsi a wurin da take watsa hatsi, ƙus, ƙus, ƙus. Ta ce, "Me kake yi a nan?"

Ya ce, "Fara nake tsinta, Iya."

Ba fara yake tsinta ba. Tarkon zarge yake ɗanawa, na izgar doki, siriri, wanda ko mai ido sai ya sunkuya zai gani. Yana kafa 'yan turaku yana rufewa da ƙaiƙayi.

Ta ce, "Burtu, ni dai na san burtu ba ya yawo shi kaɗai. Ina matarka?"

Ya ja numfashi ya ce, "Kura ta ɗauke ta, Iya, da damina. Ni ma kamar ke nake, ba ni da kowa."

Ta ce, "Wayyo. Allah ya ba ka haƙuri." Har ta ɗebi hatsin kalanta ta ba shi. Ya zuba a aljihu.

Zuwa na uku sanyi ya kankama, har tafki na tururi da safe. Ya zo ya zauna dab da ita, iska ta kaɗo daga wajensa. Gwamma ta shaƙa. Ta ce, "Burtu, warin hayaƙi kake yi."

"Ta wurin da aka ƙona daji na biyo, ina cin gasasshiyar fara."

"Ƙunar daji ba ta warin taba."

Sai ta miƙa hannu a hankali kamar mai neman sandarta, hannun ya sauka a kan bakin burtu. Ta shafa. Sanyi ƙalau, busasshe, har da sawun wuƙar masassaƙi.

Ya janye kai da sauri. Muryar nan mai man shanu ta ɗan yi tsami. Ya ce, "Iya, tambayarki ta yi yawa. In kin gaji da ni sai in kama gabana. In na haɗu da agwagi a hanya suka tambaye ni lafiyar idonki, ni dai ba na ƙarya."

Ta ce, "A'a! Zauna. Ban ce komai ba."

Yanzu za ku tambaye ni, ta sani ko ba ta sani ba? Hannun da ya tsufa yana riƙe da muciya zai kasa gane itace? Ta sani! Amma mutum in yana tsananin son abu, yakan ɗauki abin da ya sani ya tura ƙarƙashin tabarma ya zauna a kai. Ta ce a ranta, "Wataƙila bakin burtu haka yake, ai ban taɓa shafawa ba." Ta ce, "Ko mutum ne ma, wataƙila wani ne mai tausayi da ke jin kunya." Daga ƙarshe ta ce, "Gobe zan kore shi. Gobe zan nemi mai ido na gaskiya."

Goben kuwa, rana na fitowa, tana zama a kujerarta, inuwar nan na gefenta, sai ta ji shi. Shuuuu, kamar ruwan sama na tahowa daga nesa. Fikafikai. Sama ta cika.

"Gwamma, Gwamma ta bakin ruwa,
Kin zaga? Kin duba?
Ƙasa lafiya, mu sauka?"

Gwamma ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Agwagi suka kewaya, suka sake dawowa.

"Gwamma, Gwamma ta bakin ruwa,
Kin zaga? Kin duba?
Ƙasa lafiya, mu sauka?"

Inuwar da ke gefenta ta raɗa mata, "Iya, za su wuce fa."

Sai Uwar Tafiya ta yi ƙasa-ƙasa ta ce, "Gwamma, lafiya? Mun gaji, ƙananan cikinmu fiffikensu ya mutu. Kuma na cika alkawari. Na sauka, na kira shi Sha-kunu, gugan hannunsa ya faɗa rijiya. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Ya ba ni amsa, tana bakina. Ki amsa mu sauko in gaya miki."

Shi ke nan. Gwamma ta miƙe tsaye, ta ɗaga murya:

"Na zaga, na duba,
Ƙasa lafiya, ku sauka!"

Uwar Tafiya ta ce, "Wancan baƙin abu da ke kusa da ke fa?"

Nan ne Allah ya ba ta ƙofa ta ƙarshe, yara. Kalma ɗaya ce. Ta haɗiye ta. Ta ce, "Burtu ne. Abokin zamana ne. Na san shi."

Suka sauko. Suka sauko kamar an zazzage buhu, manya da ƙanana, suna gaishe ta, "Sannu Iya, mun same ku lafiya? Ina sanyi?" Suka faɗa wa hatsi.

Sai ta ji kuka ya canja. Wata ta yi ƙara, wata ta yi ƙara, fikafikai na dukan ƙasa, fat, fat, fat. "Ƙafata! Ƙafata!" "Wuyana!" Sai ta ji wani abu ya faɗo kusa da ƙafarta, ƙwal, ƙarar itace. Inuwar nan mai sunkuyo ta miƙe tsaye, doguwa, da ƙafa biyu da hannu biyu da kulki.

Gwamma ta yi ihu. Ta ɗaga sanda tana dukan iska. "Ku tashi! Ba lafiya! Ku tashi!" Ta bi ƙarar kulkin da gudu, santsi ya kwashe ta, ta faɗa cikin laka. Ta rarrafa tana laluben ƙasa, hannunta ya kama izga, ta ja, ta ciza da sauran haƙoranta, ta kuɓutar da guda. Guda ɗaya tak. Sauran kuwa tana ji, tim, tim, tim, kuka na raguwa.

Waɗanda suka tsira suka tashi sama. Uwar Tafiya ta fizge ƙafarta daga zarge, ta bar yatsa a ciki. Ta tashi tana ɗigar jini, ta kewayo kan tsohuwar da ke durƙushe cikin laka.

Ta ce, "Gwamma, kin ce kin zaga."

"Ban zaga ba."

"Kin ce kin duba."

"Ba na gani, Uwar Tafiya! Idona ya mutu tun damina. Tsoro na ji. Na ce in kun sani ba za ku sauka ba."

Uwar Tafiya ta yi wani irin kuka da ba a taɓa jin agwagwa ta yi ba. Ta ce, "Wayyo Gwamma, wayyo wauta! Da kin ce ba kya gani, da na aiko samari masu ido su duba, mu sauka mu kewaye ki, mu riƙa gaya miki abin da ke sama. Ido muna da shi dubu. Abin da ba mu da shi a ƙasa shi ne mai gaya mana gaskiya, kuma ke ce kaɗai."

Gwamma ta ɗaga hannu biyu. Ta ce, "Na yi laifi. Ki tsine mini, ki tsattsage ni da baki. Amma ki gaya mini. Kalma ɗaya. Zai zo, ko ba zai zo ba?"

Uwar Tafiya ta dubi ƙasa, inda Tunau ke ɗaure ƙafafu yana jefawa cikin buhu. Ta ce, "Waccan da ya ɗaga yanzu 'yata ce. Waccan jikata, bana ta fara tafiya, duk hanya ina ce mata ta daure, akwai wata tsohuwa mai hatsi a gaba. Kina so in buɗe bakin nan in ba ki labarin ɗanki? Ki tambayi Burtu. Kin ce kin san shi."

Ta juya, sauran suka bi ta. Shuuuu, har ƙarar ta ɓace.

Tunau ya saɓa buhu, ya ɗauki kan burtunsa ya karkaɗe. Ya tsaya kan Gwamma ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Iya. Sai dai ba su da mai, tafiya ta cinye su. Da kin bari sun kwana biyu suna cin hatsin nan." Ya zaro guda ɗaya ya ajiye mata a cinya. "Ga ladan gadi." Ya tafi yana fito.

Kuna kallona kuna jira in ce maciji ya sare shi a hanya? Bai sare shi ba. Ya ci, ya ƙyafe saura, ya yi ƙiba har wuyansa ya yi ninki. Da baɗi ta zo agwagi ba su sauka ba, ya rataya kan burtunsa ya nufi wani tafkin, inda wataƙila akwai wata mai abin ɓoyewa. Irinsu ba sa rasa wurin ci. Na yi yawon duniya, na gan su da rawani, na gan su da carbi.

Gwamma ta haƙa rami da hannu ta binne agwagwar da aka ajiye mata. Ta tambayi 'yan tsattsewa, suka ce su ba sa sauka a garin dabino. Ta tambayi masu rawayan ciki, suka ce sun ga Uwar Tafiya tana magana da wani gurgu a bakin rijiya, amma suna nesa, ba su ji ba. Ta tambayi zalɓe, ya ce shi ɗan gida ne, bai san komai ba, kuma ya gusa daga kusa da ita.

Ba ta san ko ta duba hanya ba, ba ta san ko ta daina ba. In ta ji takun mutum sai ta kasa kunne, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nauyi. Duk kaka ta yi kala da lalube, ta watsa hatsi, kurciyoyi su cinye. In sanyi ya kankama ta ji shuuuu a sama, sai ta miƙe, tun ba a tambaye ta ba, ta yi ta kira:

"Ban zaga ba, ban duba ba,
Ba na gani, ba na gani!"

Gaskiya ce tsantsa, amma babu mai tambaya kuma. Agwagi su wuce ta kanta su sauka can tsakiyar ruwa, inda kibiya ba ta kai wa. Har yau can suke sauka, kuma tun daga ranar ba su sake yi wa ɗan Adam magana ba.

Wata safiya masu ɗiban ruwa suka same ta zaune a kujerarta, kai a ɗage, jiki ya yi sanyi. Maƙwabta ne suka rufe ta. Ko Shekarau ya zo daga baya, ko bai zo ba, kada wanda ya tambaye ni. Wadda ta sani ta tafi da shi a baki.

To, ku ji, ku da kuke cewa kun wanke hannu alhali ko ruwan ba ku taɓa ba. In aka dogara da maganarka, abin da ba ka gani ba kada ka ce ka gani. Rashin ido bai kashe agwagwa ko ɗaya ba, "na duba" ce ta kashe su. Kuma wanda ya ce zai riƙe maka asiri ya rufe ka daga masu ƙaunarka, shafa bakinsa ka ji ko itace ne. In ka ji itace, kada ka ce sai gobe.

Ƙurunƙus, kan burtun itace. In da ƙarya a ciki, ba ni na ɗaura ta a goshi ba. Ku tashi ku ba ni wuri, wutar ma ta gaji da ku.